FILIN ƘANNENA: 'Yan Makarantar Keta, Ɗan Kifin Da Muka Raina

Wasiƙunku duk sun iso hannuna, na gode, Allah ya bar zumunci. Masu tambayar kashi na biyu na littafina kuwa ku ƙara haƙuri, yana nan tafe.

Na san na yi muku alkawarin wannan fitowar za mu yi maganar lalle da gyaran gashi, to amma ku gafarce ni, wani abu ne ya faru a gidanmu wanda na ga in na yi shiru ban ba ku labarinsa ba na ci amanar zumuncin da ke tsakaninmu.

Watanni huɗu ke nan da suka wuce, ran wata Litinin da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina rubutu, sai na ji sallamar wata malama tare da 'yan mata biyu sun riƙo Autarmu, hijabinta duk ƙasa. Wai suna tsaye a layi wajen taron safe jiri ya ɗebe ta, ta yanke jiki ta faɗi. Umma ta saki muciya tana salati, ni kuwa ko takalmi ban tsaya nema ba muka yi asibiti.

Da muka shiga, kafin ma a ɗebi jininta, wata nas ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannunta, sai ta dube ni ta ce, "Yayarta ce ke? Dubi nan ki gani, fari fat kamar takarda." Sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ya tambaye ta zazzaɓi, ya tambaye ta yadda al'adarta take zuwa, sannan ya ce, "To 'yammata, faɗa mini abin da kika ci jiya tun daga safe har dare."

Nan fa Auta ta sunkuyar da kai. Da safe shayi da burodi. A makaranta cincin da lemon kwalba. Da rana 'yar taliyar leda ba ko albasa. Da dare kuma loma uku ta tuwo, ita ma gefen da miya ba ta taɓa sosai ba, don wai miyar Umma ƙarnin kifi take yi. Da aka matsa mata sai ga gaskiya ta fito: ƙawayenta ne suka ce ta fara ƙiba, ita kuma so take ta zama siririya.

Wallahi ƙannena jikina sai ya yi sanyi, don na san mu marubuta muna da namu laifin a nan. Ku duba littattafanmu, tauraruwar labari kullum doguwa ce siririya, in an kawo mata abinci sai ta ɗan tsakura ta ture, abincin ma kaza ce da farfesun kayan ciki da lemo mai sanyi. Ni kaina ban taɓa rubuta yarinyar da ta zauna ta ci tuwo da miyar kuka da ta ji busasshen kifi ta sha ruwa ta yi hamdala ba. Ashe ƙanwata tana karantawa tana ɗauka.

Likita ya rubuta mata ƙwayar ƙarin jini da maganin tsutsar ciki, ya ce sauran aikin kuma na tukunya ne: nama, hanta, kifi, wake, ganye. Muna fitowa Umma ta ce da ni a hankali, "Ke kin ji shi fa, wai nama da hanta. A wannan tsadar, gida mai mutum tara, ina za mu ga nama kullum?"

KYAUTAR MAMA 'YAR KUMASI

Muna da wata maƙwabciya dattijuwa, Bahausa ce amma haifaffiyar zangon Kumasi ta ƙasar Gana, aure ne ya kawo ta nan, kowa a unguwa Mama yake ce mata. Da ta shigo dubiya ta ji abin da ake ciki, ba ta ce komai ba ta koma gida, can sai ga ta da wani ƙulli a leda. Ta kwance, sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin busassun kifaye, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, da wani zane mai ƙyalli kamar azurfa a gefen jikinsu.

Auta ta toshe hanci ta ce, "Tabɗi! Mama wannan ai abincin kyanwa ne."

Mama ta yi dariya ta ce, "'Yata ke nan. Raina kama ka ga gayya. Waɗannan a wajenmu 'yan makarantar Keta ake ce musu. Da su aka yaye ni, da su na yaye 'ya'yana bakwai, kin taɓa ganin ɗayansu ya faɗi a layi?"

Keta wani gari ne a bakin teku a gabashin Gana, inda ake kama kifin da yawa. Ni dai na ce sunan ya dace, don in kika zuba su a faranti sai ki ce yara ne aka taso daga makaranta, duk kai ɗaya, duk kaya iri ɗaya.

Kun san halina da bin diddigi. Ban bar maganar nan ba sai da na bincika na karanta, ga kuma abin da na samo muku.

WANE IRIN KIFI NE?

Sunansa a littattafai ancobi. Kifin teku ne, ba a samunsa a kogunanmu, kuma danginsa sun haura iri 140 a duniya. Irin wanda ake kamawa a gaɓar Gana shi ne dai ake kamawa a tekun Bahar Rum, inda mutanen Italiya da Sifen suke jera shi a gishiri su ajiye wata da watanni. Tsawonsa yawanci santimita 12 zuwa 15 in ya girma, ga ɗan hanci mai tsini, ga baki wangameme har ya wuce bayan idonsa. Ba ya tafiya shi kaɗai, sai dai garke guda, dubbai a haɗe. Abincinsa wasu ƙananan halittu ne da suke yawo a ruwa waɗanda ido ba ya ganinsu sosai, kuma ba ya daɗewa a duniya, 'yan shekaru ne kawai.

Kada ku ɗauka abincin talakawan Afirka ne kurum. A Koriya da shi ake haɗa romon miya, a Malesiya ana soya shi a ci da shinkafa da gyaɗa tun da safe. A ƙasar Peru ta Kudancin Amurka kuwa akwai wani irinsa wanda a shekaru da dama babu kifin da aka fi kamawa a duniya kamarsa. A 1970 kaɗai sun kama fiye da tan miliyan 12, sai a 1972 ruwan tekun ya ɗumama ga kuma yawan kamu, kifin ya yi ƙaranci ƙwarai, sai da aka ɗau shekaru kafin ya farfaɗo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin wanda ake kamawa can ba mutane ne suke ci ba, niƙe shi ake yi a mai da shi abincin kaji da kifin kiwo da sauran dabbobi. Wato dai a wurare da yawa ita kazar da muke yanga da ita, ɗan kifin nan da muke toshe wa hanci shi ya ƙosar da ita.

To na san wata za ta ce, Anti mu da ba mu da teku kuma ba mu da Mama 'yar Kumasi fa? Kwantar da hankalinki. Muna da namu. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968, ana kama wasu 'yan ƙananan kifaye da masunta suke kira warangi, ana shanya su a kai kasuwanni, mutanen Yawuri da Sabuwar Busa sun san su sarai. A tafkin Bolta na Gana akwai irinsu, don ƙanƙantarsu har ana musu laƙabi da "mutum ɗaya dubu". Ba ancobi ba ne, 'yan'uwa ne na nesa, amma sirrinsu ɗaya ne. Duk ƙananan busassun kifin da kike gani ana aunawa a gwangwani a kasuwarku suna cikin wannan magana.

MENE NE SIRRIN?

Sirrin shi ne ana cinye shi gaba ɗaya. In kin sayi tarwaɗa ko ƙarfasa, tsokar kike ci, ki zubar da ƙaya da kayan ciki. Shi kuwa ƙaramin kifi da kansa da idonsa da ƙayarsa duk ciki suke tafiya, kuma a nan ne amfani mai yawa yake ɓoye.

Ga lissafin da masana abinci suka yi a kan giram 100 na ɗanyen ancobi:

Na farko, sinadarin gina jiki, wato furotin, kimanin giram 20. Daidai yake da nama ke nan. In kuwa an busar da kifin ruwansa ya fita, fiye da rabin nauyinsa wannan sinadari ne.

Na biyu, sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake haɗa jini da shi, ya ɗan haura miligiram 3. Naman kaza bai kai rabin haka ba. Kuma irin ƙarfen da ke cikin kifi da nama jiki ya fi saurin ɗaukarsa a kan na ganye da hatsi.

Na uku, kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, miligiram 147. Madarar shanu mai nauyin haka ba ta kai shi ba, naman sa kuwa ko 20 da ƙyar yake kaiwa.

Na huɗu, wani mai da ake kira omega-3, fiye da giram 1. Wannan mai yana taimakon zuciya, kuma ana buƙatarsa wajen ginin ƙwaƙwalwa da idon jariri tun yana ciki.

Bayan waɗannan akwai bitamin B12 da sauran 'yan'uwansa. Bugu da ƙari, da yake ƙaramin kifi ne mai gajeren rai, ba ya tara gubar makuri a jikinsa kamar manyan kifayen teku masu cin 'yan'uwansu, shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin kifayen da suka fi dacewa da mai juna biyu.

ME YA SA NAKE MAGANA DA KU MUSAMMAN?

Domin ke budurwa duk wata jini yana fita daga jikinki, kuma ga shi girma kike yi. Yarinya 'yar shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar ƙarfe miligiram 15 a kullum, in ta haura haka 18, in ta sami ciki kuwa 27. Kalsiyam kuma miligiram 1,300 take buƙata a rana a shekarun 'yammatanci, don kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin mace kafin ta cika shekara 18 ake gina shi. Abin da kika tara yanzu shi za ki ci gajiyarsa a ɗakin mijinki, shi za ki dogara da shi ranar tsufa.

Kuma kada ki ce Autarmu ce kaɗai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kashi 68. Ki ƙirga 'yan ajinku, ki raba biyu, ki ga inda maganar ta dosa. Alamominsa su ne yawan kasala, jiri in an miƙe, haki daga ɗan tafiya kaɗan, bugun zuciya, ciwon kai, gyangyaɗi a aji, karatu ba ya zama, wata ma har ta riƙa sha'awar cin ƙasa ko farar ƙasa ko ƙanƙara. Sau nawa aka ce yarinya malalaciya ce ko daƙiƙiya alhali jini ne babu? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Babban abin tsoron ma yana gaba. Yarinyar da aka kai ɗakin miji da ƙarancin jini, ta sami ciki a haka, ranar haihuwa jinin da wata za ta zubar ta tashi lafiya, ita yana iya zame mata ajali. Allah ya kiyaye mu.

YADDA MAMA TA KOYA MANA SARRAFA SHI

Ki sayi kifinki mai kyau ki tsince, ki wanke da ruwan ɗumi sau biyu ko uku, don yawanci a ƙasa ake shanya shi, yashi ba ya rasa shiga. Kada ki cire kan, kada ki cire ƙaya. Ki baza a faranti ki shanya ya bushe ƙarau. Sai ki zuba a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ki ji ƙamshi ya tashi. In ya huce ki daka a turmi tare da 'yar busasshiyar citta da masoro, ki tankaɗe da rariya, tsakin ki sake dakawa. Ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, kuma kada ki yi da yawa ainun, na mako biyu ko uku ya isa.

Wannan gari cokali ɗaya ko biyu za ki riƙa zubawa a miyar kuka, kuɓewa, taushe, fate, dambu, kwaɗon zogale ko na rama. Ki haɗa shi da yajin ɗanwake ko na garau-garau. Jaririn da ya cika wata 6 ana iya sa masa ɗan kaɗan mai laushi a kununsa, amma nasa ba citta ba masoro ba gishiri. Za ki ga ma kin rage sa dunƙulen magi, don kifin da kansa ɗanɗano ne.

Akwai kuma wani yaji mai mai da mutanen Gana suke kira shito. Ana soya albasa da yawa a mai, a zuba tafarnuwa da citta da ɗan tumatir, sannan garin barkono da garin kifi, a yi ta juyawa a wuta kaɗan har ruwan ya ƙone ya yi duhu mai ya taso sama. 'Yan makarantar kwana a can da kwalbarsa suke tafiya. Da shi ake cin shinkafa da wakensu da suke kira wace, sunan ma daga bakin Hausawa suka samo shi. Ranar da Mama ta yi mana, Autar da ta ce abincin kyanwa ne har da suɗe cokali.

Masu tsoron ƙarni kada saurayi ya zo zance ya ji, haba ƙanwata! Suyar kasko da citta suna kashe shi, ki matsa lemon tsami, in kin gama ki wanke hannu ki yi asuwaki. Shi lemon tsamin ma riba biyu ne, domin bitamin C da ke cikinsa, da na tumatir da gwaiba da lemon zaƙi, yana taimaka wa jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare shi, don haka ki ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Saurayin da zai guje ki don kin ci kifi kuwa, bar shi ya tafi, Allah ya raka taki gona.

SAI DAI A KULA

Ba na so in yabi ɗan kuturu in ɓoye muku yatsunsa. Akwai abubuwan lura guda biyar.

Ɗaya, gishiri. Ancobi na gwangwani irin na Turai, giram 100 yana ɗauke da gishiri wajen giram 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Wani busasshen ma da gishiri ake shanya shi. In kin ɗanɗana kin ji, ki jiƙa ki zubar da ruwan, ki rage gishirin miya, musamman in akwai mai hawan jini a gida.

Biyu, wasu marasa tsoron Allah suna fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Ki shinshina kafin ki saya, in kin ji warin magani ko kalanzir ki bar shi ko da kyauta ne.

Uku, wanda ya yi fumfuna ko danshi ko ya fara wari, zubarwa ake yi.

Huɗu, abincin wani gubar wani. Wadda kifi yake sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ta nisance shi, haka mai ciwon gaɓoɓin nan da ake kira gawut, don ancobi yana tayar da shi.

Biyar, kuma shi ya fi muhimmanci, kifi abinci ne, ba ya maye gurbin asibiti. Ƙarancin jini yana iya zuwa daga zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko al'ada mai yawan zuba, ko sikila. In kin ga alamomin da na lissafa ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki a je a gwada jininki, kada kunya ta cuce ki. Mai sikila kuma kada ta sha ƙwayar ƙarin jini sai likita ya ce.

Auta dai ta shanye ƙwayoyinta na wata uku, kwalbar garin kifi kuma ba ta yanke a madafin Umma ba. Da muka koma gwaji jinin ya hau, nas ɗin nan ta sake jan fatar idon ta ce, "Yauwa, yanzu na ga mutum." Jiya ma ina ji tana yi wa wata ƙawarta faɗa a zaure don ta zo makaranta ba ta karya ba. Ni kuma na ɗau alkawari, tauraruwar littafina na gaba za ta ci tuwo da miyar kuka har ta nemi ƙari, kuma a hakan za a yi ta layi a ƙofar gidansu.

Aikin da na ba ku kafin mu sake haɗuwa shi ne, kowacce ta rubuta abin da ta ci na kwana uku, tsakaninta da Allah, ta duba ta ga sau nawa kifi ko nama ko wake ko ganye ya shiga ciki. Wadda ta gwada garin kifin ta rubuto ta ba ni labari, wadda kuma ta san sunan da ake kiran waɗannan ƙananan kifaye a garinsu ta aiko mini, zan buga a fili.

Maganar lalle da gyaran gashi tana nan a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku gaishe mini da su Umma.

Taku har kullum,
Antinku.